Bucks su riƙe Giannis ko su sake shi tun yana da tsada?

ɗan_gidan_gona (wajen Gumel)

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin ƙwallon kwando, na san ba mu da yawa amma kaɗan ɗin ma albarka ne. Wlh kwana biyu abin nan yana cina, jiya ina tsaka da maimai a gonar gero shi nake ta juyawa a raina har ƙanena ya tsaya yana tambayata wai yaya ko bashi ake binka ne.

Ni dai tun 2021 nake Milwaukee Bucks ta gasar NBA ta Amurka, tun daren da tauraronsu Giannis Antetokounmpo ya zuba wa Phoenix maki 50 a wasa na shida suka ɗau kofi, daren babbar sallah ne ma ba zan manta ba, mutane sun gama hidimar nama sun kwanta ni kuwa ina kan katangar firamare da waya don nan ne kawai sabis yake kamawa a garinmu, ga sauro ga data tana zuƙewa. To tun daga nan ba mu ƙara ganin haske ba. Shekara uku a jere a zagayen farko ake koro mu, Miami a 2023, Indiana a 2024, bana 2025 ma Indiana ɗin dai 4-1. Ga Damian Lillard ya tsinke jijiyar agara a wasa na huɗu. Ina cikin jimamin wannan kawai sai na ga wai sun sallame shi alhali yana bin su kusan dala miliyan 113, suka juya suka ɗauko Myles Turner daga Indiana ɗin da ta kore mu, shekara huɗu a kan miliyan 107.

Tambayata biyu ce. Ta yaya za ka kori mutum kuma ka ci gaba da biyansa, meye ribar? Na biyu kuma wadda ta fi damuna, shin ba gara su haƙura su saki Giannis yanzu da kowa ke sonsa su sake gini daga tushe ba? Zuciyata ba ta so amma kaina yana ce min lokaci ya yi. Masana a taimaka.

Gunner_na_Ringim

Hhhh kai ɗan uwa ka bar ƙwallon da kowa ke kallo da la'asar ka je ka ɗauko wadda sai ƙarfe biyun dare kamar maye. Ni ban san kan wasan nan ba gsky amma ai abin mai sauƙi ne, su sayar wa Saudiyya da shi su kwashi kuɗi su sayo yara biyar, haka kowa ke yi. Mu nan mai gidan kallonmu in ka ce ya tada janareta don ƙwallon kwando sai ya ce ka kawo kuɗin mai na mutum talatin.

Malam_BirninKudu

Wa alaikumus salam. Ɗan Gumel sannu da aiki, Allah ya sa albarka a damina. Kai kuma na Ringim, a nan ne mutanenmu suke ruɗewa, NBA ba irin Firimiya ba ce. Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi a can, musaya ake yi, mutum da mutum ko mutum da damar zaɓen sababbin yara, kuma albashin da ya fita da wanda ya shigo sai sun yi kusa da juna kafin hukumar gasar ta sa hannu. Kuɗin da aka yarda ka ɗora a kan ciniki 'yan miliyoyi ne kaɗan a shekara, ba za su sayi ko takalmin Giannis ba. Don haka batun Saudiyya babu shi.

Sai maganar Lillard. Kowane kulob akwai iyakar albashin da aka yanka masa, na kakar 2025-26 dala miliyan 154.6 ne. Kana iya wuce shi ta wasu ƙofofi, musamman wajen sabunta wa yaranka na gida, amma in ka haura miliyan 187.9 sai ka fara biyan haraji a kan kowace dala, in ka haura 195.9 an ɗaure maka hannu ɗaya, in ka haura 207.8 an ɗaure duka biyun, ba ka haɗa albashin mutum biyu ka karɓo babba ɗaya, ba ka sa kuɗi a ciniki, har zaɓenka na shekara bakwai gaba sai a kulle shi. Wannan doka ta 2023 ce, ita ce ta sa ka ga Boston da suka ɗau kofi a 2024 bana sun rabu da Jrue Holiday da Porzingis kamar masu gwanjon kaya.

To Lillard shekara biyu ta rage a kwantiraginsa, sama da miliyan 50 kowace shekara, kuma duk kakar da za a shiga a jinya zai yi ta. A NBA kwantiragi irin nasa ko ka kore shi sai ka biya, babu gudu. Abin da doka ta ba su shi ne su shimfiɗa bashin, a ninka shekarun da suka rage a ƙara ɗaya, biyu sau biyu huɗu da ɗaya biyar. Sai ya zama maimakon hamsin da wani abu bana, miliyan 22.5 za a rubuta musu duk shekara har shekara biyar. Ratar da ta samu ita suka sa Turner a ciki. Shi kuwa Lillard ya koma gidansa Portland ya karɓi wani kwantiragin shekara uku na miliyan 42 a kan wanda Bucks ke biyansa, Allah sarki, wani da ciwonsa ma yake cin riba.

Amma ni abin da nake so ka lura da shi ba wannan ba ne, ka dubi yadda suke yi tun da. Nuwamba 2020 suka ɗauko Jrue Holiday daga New Orleans, suka ba da zaɓensu na zagayen farko na 2025 da 2027 da damar musanya gurbin zaɓe na 2024 da 2026, wata ɗaya bayan nan Giannis ya sa hannu a shekara biyar miliyan 228. Satumba 2023 suka ɗauko Lillard, suka ba Portland na 2029 da damar musanya na 2028 da 2030, wata ɗaya bayan nan ya sa hannu a ƙarin shekara uku. Ka ga kenan duk sanda aka ji yana waige-waige sai a jinginar da gona ɗaya a yi masa hidima ya zauna. Ta farko ta haifi kofi, babu mai cewa komai. Ta biyu ba ta haifi komai ba sai ƙaramin kofin tsakiyar kaka na Disamba 2024. Yanzu gonakin jingina sun ƙare, sai 2031 za su sake mallakar zaɓensu su kaɗai, shi ya sa wannan karon suka ci bashin kaka biyar tun ba a shuka ba.

Alhaji_Kara_Maigatari

Malam ka gama magana, Allah ya ƙara ilimi. Ni sana'ata shanu ce ba ƙwallo ba, yarana ne suka koya min wasan nan a waya har na fi su shiga ciki. Bari in faɗa muku yadda muke gani a kara.

Sa in ya kai maƙura a ƙiba ranar ake kai shi kasuwa, ba ka jira sai ya fara ɗingishi. Duk Alhamis ina ganin mutane a Maigatari da suka riƙe dabba don ƙauna, an taya musu da daraja bara sun ƙi, bana sun dawo da ita ƙashi da fata suna roƙon dillali ya taimaka. Giannis shekararsa 30, Disamba 2025 zai shiga 31, kuma wasansa na ƙarfi ne, gudu da tsalle da bangaje mutane a ƙarƙashin kwando, ba irin su Curry ba ne da zai tsaya daga nesa yana jefawa har ya tsufa. A 2023 baya ya hana shi wasu wasanni da Miami, a 2024 ciwon sha-raɓa ya hana shi buga ko ɗaya da Indiana. Jiki yana magana, mu ne ba ma so mu ji.

Kuma ku duba takardarsa, daga 2025 kaka biyu ce tabbas ta rage, ta ukun 2027-28 zaɓinsa ne ya zauna ko ya tafi. Yau in ka kai shi kasuwa mai saye ya san zai more shi shekara biyu, baɗi warhaka saura ɗaya, kuma duk dillali ya san mai shekara ɗaya rabin kuɗi ake taya shi don an san kai ne a matse.

Su waye suka ɗau kofi a 2025? Oklahoma. Da me suka gina? A 2019 suka saki Paul George ya tafi Clippers, suka karɓo yaro Shai Gilgeous-Alexander da Gallinari da zaɓen zagayen farko guda biyar da musanya biyu. Lokacin mutane sun yi ta cewa sun watse, shekara shida yaron nan ya zama gwarzon gasa ya kawo musu kofi, a cikin zaɓen nan kuma suka samo Jalen Williams. Boston ma haka, 2013 suka tura tsofaffinsu Garnett da Pierce zuwa Brooklyn, abin da suka karɓo shi ya zama Jaylen Brown da Tatum. Wanda ya sayar da sa ɗaya ya sayo maruƙa biyar ba asara ya yi ba, haƙurin kiwo kawai ake nema a wajensa. Ni da ni ne Jon Horst manajan Bucks da tuni na kira Houston da San Antonio, su ne masu yara da zaɓe a hannu.

Bazazzagi_a_Kazaure

Alhaji ranka ya daɗe, da girmanka amma a nan kam ban bi ka ba, kuma Malam ya riga ya faɗi dalilin sai dai bai ƙarasa ba. Shi sake gini a NBA da me ake yinsa? Ka saki manya, ka sha kashi shekara biyu uku, ka faɗo ƙasan tebur, sai a ba ka babban rabo a ƙuri'ar zaɓen yara. Oklahoma da suka yi haka zaɓensu na hannunsu, duk kashin da suka sha su suka ci ladansa. Bucks fa? In suka saki Giannis suka koma na ƙarshe, ladan wahalar wasu ne za su kwashe har 2030, kai ka yi noma a gonar da ka jinginar mai jingina ya zo ya girbe. Abin da ya faru da Brooklyn kenan a labarin da ka kawo, su ne suka sha kashin Boston ta kwashi yaran. Ka ba mu labarin ta gefen wanda ya ci, mu kuwa a gefen wanda aka ci muke zaune.

Sannan ko zaɓen na hannunka ƙuri'a ce fa, mafi lalacewa a gasar kashi 14 cikin ɗari kawai yake da shi na samun lamba ɗaya. Bana Dallas da kashi 1.8 suka ɗauke Cooper Flagg, waɗanda suka kwana suna faɗuwa da gangan suka tashi da hamma.

Ni a Zariya na taso, kuma duk ɗan Zariya mai bin wasan nan da Masai Ujiri yake taƙama don a garinmu ya girma. Me ya yi a 2018 yana shugaban kulob ɗin Toronto? Ya ba da DeRozan da duk gari ke ƙauna ya karɓo Kawhi Leonard mai shekara ɗaya kacal a takarda, kowa ya ce ya haukace, 2019 suka ɗau kofi, Kawhi ya tattara ya tafi Clippers ko sisi ba su samu a kansa ba. Je ka tambayi mutanen Toronto ko suna nadama. Kofi ɗaya a wannan gasar ba wasa ba ne, akwai kulob ɗin da tun da aka kafa su ba su taɓa ɗagawa ba, Phoenix da Indiana suna ciki.

Kuma su Bucks ai sun taɓa sayar da san. Kareem Abdul-Jabbar ya kawo musu kofi a 1971, 1975 ya ce a sake shi suka tura shi Lakers suka karɓo mutum huɗu. Shi ya je ya ƙara kofi biyar a can, su kuwa sai 2021 suka sake gani, shekara hamsin cif tsakanin kofi da kofi. Milwaukee ƙaramin gari ne ga sanyi, babu babban ɗan wasan da zai ce da bakinsa can yake so kamar yadda ake rububin Los Angeles ko Miami. Giannis ma ai sa'a ce, lamba 15 aka ɗauke shi a 2013 yana siririn yaro daga ƙaramar gasa a Girka, ɗan 'yan Najeriya da suka je ci-rani yana tallan tabarau da agogo a titin Atina. Irin wannan ba ya zuwa sau biyu a rayuwar mai kallo ɗaya.

Mutumin da bana ya yi maki 30 da ribawun (cafke ƙwallon da ta kuskure kwando) kusan 12 da taimako 6 a kowane wasa kake kira mai ɗingishi Alhaji? Ga kuma ɓangaren Gabas na gasar inda Bucks suke ya buɗe, Tatum ya tsinke agara, Haliburton na Indiana ma agara a wasa na bakwai na fanal, Indiana sun rasa shi sun rasa Turner. Brook Lopez shekara 37 ƙafa ta yi nauyi ya tafi Clippers, Turner 29 ne, yana tare ƙwallo a sama yana kuma jefa ta uku daga waje, daidai irin dogon da Giannis yake buƙata don a buɗe masa hanya. Ni ban ce za su ɗau kofi ba amma in za a gwada to bana ne.

ɗan_gidan_gona (wajen Gumel)

Kai jama'a na gode wlh, na zo da tambaya biyu na koma da goma. Malam yanzu na gane batun shimfiɗa bashin, wato dai irin na mai shagon garinmu ne da yake ba ka taki da damina ka biya da buhu in an yi girbi, ranar karɓa daɗi ranar biya kuka. Abin da ya tsaya min shi ne miliyan 22.5 ɗin nan har 2030, kuɗin ɗan wasa mai kyau guda ne fa da zai fara wasa, kullum za mu shiga fili kamar an ba mu jan kati tun daga gida.

Yaya Bazazzagi maganarka ta kwantar min da hankali sai dai ka tsallake abu ɗaya, waye zai riƙe ƙwallo? Lillard ya tafi, Middleton an ba da shi Washington tun Fabrairu 2025 aka karɓo Kuzma, shi kuma Kuzma a wasan farko da Indiana ya yi sama da minti ashirin a fili babu maki babu ribawun babu taimako, sifili ta ko'ina, da safe na duba waya na ɗauka sabis ne bai gama buɗe shafin ba. Kevin Porter da Gary Trent da Portis duk sun sabunta, yaran kirki ne amma ba su ne za su tsaya gaban Cleveland ko New York wasa bakwai ba. Kuma koci Doc Rivers ni har yau ban yafe wasa na biyar da Indiana ba, muna gaba da maki bakwai saura daƙiƙa arba'in a ƙarin lokaci aka karɓe.

Alhaji_Kara_Maigatari

Bazazzagi ɗana ka kama ni a batun jingina, na yarda. Amma ai dillanci ya fi haka faɗi, ba mutum biyu kawai ke ciniki ba. Mai son Giannis sai ka ce masa je ka wajen Portland da sauran masu riƙe da takardun gonakina ka fanso min su ka haɗo da yaranka biyu, sannan mu zauna. Brooklyn ɗin ma ai sun yi haka a 2024, sun je Houston sun fanso nasu zaɓen kafin su fara faɗuwa. Da mutum irin Giannis a hannunka kai ke yanka farashi. In ka bari sai shi ya fito ya ce ga garin da yake so, to ka zama mai raka amarya.

Malam_BirninKudu

Wannan na Brooklyn gaskiya ne Alhaji, an yi shi. Sai dai Portland ba yara ba ne, sun san in Giannis ya tafi takardun da ke hannunsu zinare suka zama, ba za su sake su da araha ba.

Abin da ban ji kowa ya faɗa ba shi ne shi kansa Giannis bai fito ya ce a sake shi ba, duk surutun na 'yan jarida ne. Kwantiraginsa ba shi da sharaɗin hana musaya, a doka za su iya tura shi ko'ina gobe da safe ba tare da sun tambaye shi ba, kamar yadda Dallas suka yi wa Luka Doncic a Fabrairu 2025 suka kai shi Lakers cikin dare. Amma kun ga abin da ya biyo baya, magoya baya sun yi ta zanga-zanga a ƙofar filin suna kiran a kori manaja. Babu shugaban kulob ɗin da ya ga wannan zai so ya zama shi ne ya fara furta maganar, shi ma Giannis ba ya so a ce shi ya guje wa garin da ya raine shi, kowa yana jiran ɗan uwansa ya fara.

Ranar da ya kamata ku sa wa ido Oktoba 2026 ce, lokacin ne doka ta ba su damar miƙa masa sabon kwantiragi mai tsawo. In ya karɓa magana ta mutu. In ya ce a dakata, to Alhaji za a zo neman shawararka, sai dai wannan karon babu sauran gonar da za a jinginar a lallashe shi sai ta 2031 da abin da ke bayanta.

Gunner_na_Ringim

Ni fa har yanzu ban gane ba, wato mutum yana Portland yana jinya kuma Milwaukee na tura masa alat duk wata har shekara biyar? Don Allah a tambaya min ko suna neman wani mai ciwon ƙafa, nawa tun bara yake damuna.

ɗan_gidan_gona (wajen Gumel)

Hhhh na Ringim sai ka fara jefa ta uku daga tsakiyar fili tukuna. Alhaji in Allah ya kai mu Alhamis zan shigo Maigatari da akuya biyu, kuɗin taki nake nema, zan neme ka a kara mu ƙarasa, amma ka sani tun yanzu ban yarda a kai shi Houston ba. Hadari ya haɗo ta gabas kuma caji saura kashi huɗu, bari in kai wayar wajen mai sola kafin ya rufe.